Daga Ina Kaduna Ta Fara, A Ina Ta Tsaya?

Fasinjan da jirgin ƙasa ya ɗauko daga Abuja ya sauke a tashar Rigasa, abin da zai gaya wa iyalinsa a waya shi ne ya iso Kaduna. A takarda kuwa da sauransa. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ne, wadda hedikwatarta ke Turunku, can nesa da gari. Haka wanda ya sauka a filin jirgin sama, haka ɗalibin makarantar horar da hafsoshin soja da ke Afaka. Matatar man da kowa ya sani da matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, a ƙasar Chikun take zaune. Tudun Wada kuma, da ke arewa da kogi, an lissafa ta cikin Kaduna ta Kudu.

Wannan rikitaccen lissafi ya girmi masu raba ƙananan hukumomi. Tushensa na can baya, tun ranar da Turawan mulkin mallaka suka shata layi a dajin bakin kogi suka ce ga inda gari ya fara, ga inda ya ƙare. Garin ya daɗe da tsallake wannan layi, ya tsallake wanda aka ja bayansa, amma har gobe tsohon shacin ne ke nuna unguwar da ta gaji kwalta da magudanar ruwa da wadda za ta yi ta jiran gawon shanu. Ra'ayin wannan shafi shi ne a fito da tsofaffin taswirorin nan kowa ya gani, sannan a daina ɗaukar su alƙalai. Don jin daɗin wasu 'yan ɗaruruwan Turawa aka zana su. Ba za su raba gardamar wane ne mai gari ba, ba kuma za su iya da birnin da jama'arsa ta haura miliyan ba.

Garin Hausa na dauri ba a tambayar iyakarsa, ganuwa ce ke ba da amsa. Wanda ya shige Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Mata ya san ya shiga birnin Kano, wanda ya fita ta Ƙofar Doka ya san ya bar birnin Zazzau. Mutanen gari ne suka kwaɓa ƙasa suka gina ta da hannunsu, in jama'a ta yi yawa kuma sarki ya sa a faɗaɗa, yadda aka yi wa ganuwar Kano fiye da sau ɗaya. Kaduna ba ta taɓa samun ganuwa ba. Safiyo ne ya auna, akawu ya rubuta, gwamna ya sa hannu, aka ajiye takardar a ofis inda yawancin waɗanda abin ya shafa ba su taɓa yin ido biyu da ita ba.

Kafin Kaduna, hedikwatar Turawa a Arewa ta sha yawo. A Lakwaja Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani da Gwamna Lugga, ya kafa tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900. Aka ɗan zauna a Jebba, sannan a 1902 aka tare a Zungeru, ita ma a bakin kogin Kaduna amma can ƙasa. Daga nan aka shirya yaƙin Kano da Sakkwato a 1903. Zungeru ta tara akawuna da masu sana'a daga Kudu, a nan ma aka haifi Nnamdi Azikiwe a 1904, mahaifinsa yana aikin akawu. Sai dai zafi da sauro sun hana Turawa sakat. Da Lugga ya dawo a 1912 da aikin haɗe Kudu da Arewa, ya tarar al'amura sun sauya. Layin dogon da aka faro daga Baro a zamanin Gwamna Percy Girouard ya isa Kano a 1911, kuma a hanyarsa ya ƙetare kogin Kaduna ta wata gada a ƙasar Zazzau.

Wurin ya kwanta wa Lugga a rai. Ga ruwa rani da damina, ga jirgi, ga tudu mai iska, ga fili iya ganin ido na atisayen soja, sannan babu wani babban sarki a kusa da za a riƙa haɗa kafaɗa da shi. Sojoji ne suka fara tarewa wajen 1913, ofisoshin gwamnati suka biyo baya a 1917. Burinsa ma ya wuce nan, so ya yi Kaduna ta zama babban birnin Nijeriya baki ɗaya, amma Landan ba ta yarda ba, Legas ta ci gaba da riƙe kambunta. Zungeru kuwa aka yashe ta. Har 'yar gadar ƙarfen da aka yi a can a 1904 sai da aka kwance aka kawo Kaduna, tana nan a lambun Gamji.

A shekarar tarewar, 1917, aka kafa dokar garuruwan bariki, wadda ta kasa su aji uku. Legas kaɗai ce a aji na ɗaya. Kaduna ta faɗa aji na biyu tare da irin su barikin Kano da na Zariya. Abin da ke cikin layin ba ruwan sarki da shi. Wani jami'in Bature ne, majistare, ke riƙe da shi, shi ke raba fuloti, shi ke karɓar kuɗin ƙasa, shi ke cin tarar wanda ya bar ƙazanta a ƙofar gida. A cikin layin kuma akwai wani layin. Turawa suna da keɓaɓɓiyar unguwarsu, gidaje a tsakiyar manyan filaye, kuma ƙa'idar ita ce a bar tazarar yadi 440, rubu'in mil ke nan, tsakaninta da mazaunin baƙar fata. Ba gini a ciki, ba bukka. A garuruwa da dama irin wannan fili ne ya koma wurin sukuwa da folo da wasan golf.

Hujjar da aka bayar ita ce lafiya. Tun 1897 Ronald Ross ya gano sauro ne ke ɗaukar ƙwayar maleriya, likitocin gwamnati kuma suka ce yaran 'yan ƙasa ne rumbun cutar, don haka a nisance su. Aka ƙara da tsoron gobara daga rufin ciyawa, da ƙarar ganga cikin dare. Abin dariyar shi ne kuku da boyi da mai gadi da mai kula da doki duk a bayan gidan Bature suke kwana, a 'yan ɗakunan da har yau masu kuɗi ke gina irinsu. Sauron da aka auna wa yadi 440 ko yadi ashirin ba sai ya yi ba.

Bayan tazarar sai unguwar akawuna da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgi, wadda aka yanka layi-layi a miƙe. Sunayen titunanta na nan suna nuna irin mutanen da aka yi tsammani: Legas, Ibadan, Abeokuta, Benin, Warri, Lakwaja, Bida, Kano, Katsina, Gwandu, Jos. Nan ne tsakiyar gari a yanzu, kewayen babbar kasuwar da ke ɗauke da sunan Sheikh Abubakar Gumi. Leburorin da suka share dajin, suka haƙa harsashi, suka ɗauki dutse a ka, su ba a yi lissafi da su sosai ba. Tudun Wada ta kwashi da yawa, saura suka raɓa da ƙauyukan kewaye, a ƙasar da ke ƙarƙashin En'e ta Zazzau, wadda fadarta ke da nisan kilomita kimanin 80. Wato tun ranar farko garin biyu ne, akwai wanda gwamnati ta auna ta kashe wa kuɗi, akwai wanda ya tsiro a gefensa yana yi masa aiki. Ruwan famfo da magudana da kwashe shara duk sun tsaya inda layin ya tsaya.

Taswirar ta nuna fili, amma filin yana da masu shi. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, suna noman doya da dawa a yankin tun kafin a ji kukan jirgi. Ga Fulani da shanunsu, ga Hausawa manoma da fatake ƙarƙashin ikon Zazzau. Shaidar ba ta ɓace ba. Har yau akwai mazaɓar Kakuri Gwari kusa da ta Kakuri Hausa, akwai Kurmin Gwari, akwai Unguwar Gwari a Kawo, kuma da yawa daga unguwannin da matasa ke ɗauka sababbi ne a kan tsofaffin ƙauyuka suke zaune.

Doka ce ta sauƙaƙa karɓe musu ƙasa. Dokar ƙasa ta 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa duk ƙasar Arewa a hannun gwamna, wai yana riƙe da ita amana don amfanin 'yan ƙasa. In gwamnati na son wuri, gini da shuka za ta biya, ƙasar kanta ba ta da farashi. Manomin da gonarsa ta faɗa cikin layi sai a ƙirga masa itatuwa da bukkoki a ce ya matsa gaba. Ya matsa, bayan shekara ashirin gari ya sake cim masa, a sake ƙirge. Turawa sun tafi sun bar wannan ƙa'ida da ranta. Dokar 1962 ta gwamnatin Jihar Arewa ta gaje ta, dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuma ta shimfiɗa ta a Nijeriya duka. Al'ummar da aka matsar saboda Kaduna ita aka sake taɓawa da aka yanki Abuja a 1976.

Wariyar launin fata ta faɗi a hukumance a ƙarshen shekarun 1940, bayan abin kunyar otal ɗin Bristol a Legas a 1947, inda aka hana wani baƙar fata jami'in ofishin mulkin mallaka na Landan ɗaki saboda launinsa. Unguwar Turawa ta koma ta manyan ma'aikatan gwamnati, abin da ake kira GRA. Layin dai bai motsa ba, masu kwana a cikinsa ne suka sauya. Ministoci da manyan sakatarorin gwamnatin Sardauna suka gaji gidajen, daga baya janar-janar masu ritaya da attajirai suka saye. Wanda ya bi titin Rabah ko titin Sultan ya ga faɗin fuloti da inuwar itatuwa, sannan ya kutsa lungunan Unguwar Shanu da ke 'yan mintoci daga nan, ya ga tsohuwar iyakar da idonsa ba tare da ya je ɗakin adana takardu ba.

Sau ɗaya aka yi yunƙurin gaske na daidaita iyaka da girman gari. A 1956, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta zo aka yi mata hawan daba a filin sukuwa, wanda yanzu ake kira dandalin Murtala, gwamnatin Arewa ta yi dokar da ta cire Kaduna daga lardin Zariya ta mai da ita yankin babban birni mai kantomansa, bariki da unguwannin kewaye duk a inuwa ɗaya. An yi a kan gaɓa. Shekara guda bayan nan masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri, wasu masaƙun suka biyo, masana'antar ƙera makamai ta zo a 1964, kudancin kogi ya cika da ma'aikata daga kowace kusurwa ta ƙasar. Ƙidayar 1963 ta ba garin mutum kimanin 150,000. Gwamnati ta ɗauko Max Lock, masanin tsara birane daga Ingila, shi da tawagarsa suka bi garin unguwa-unguwa suka fitar da tsarin shekara hamsin, daga 1967 zuwa 2017.

A shekarar da tsarin ya fito aka rushe gwamnatin da ta ba da aikin. Janar Gowon ya yanka ƙasar jihohi 12 a watan Mayun 1967, Kaduna ta sauko daga hedikwatar Arewa duka zuwa hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya. A 1976 aka sauya wa jihar suna, aka kuma yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi, daga nan aka shiga yanke-yanken da ya kai ga halin yanzu.

Yau birnin a rarrabe yake tsakanin ƙananan hukumomi huɗu. Biyu daga ciki, Kaduna ta Arewa da ta Kudu, sun cika maƙil, kusan ba su da sauran filin faɗaɗawa. Sauran biyun, Igabi da Chikun, asalinsu na karkara ne, hedikwatocinsu Turunku da Kujama, amma su ke ɗauke da yawancin sabon ginin da ake yi: Rigasa da Mando da Rigachikun a gefe guda, Sabon Tasha da Narayi da Nasarawa da Gonin Gora a ɗaya gefen. Tun a ƙidayar 2006 Igabi ta haura mutum 430,000, Kaduna ta Arewa kuwa tana wajen 360,000. Shugaban da aka zaɓa ya kula da kasuwannin ƙauye da hanyoyin gona sai ya wayi gari da unguwa irin Rigasa a wuyansa, wadda mazaunanta ke bugun ƙirji cewa babu mazaɓar da ta kai ta jama'a. Rigar yaro ce ake son magidanci ya sa, ana mamakin yadda take yagewa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne maganar fili. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon ayyana yankin da ake kira birni. A ciki, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. A waje, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin zama bisa al'ada. Tsakanin waɗannan biyu aka haifi abin da kowane mazaunin bayan gari ya sani, awon gwamnati da awon igiya. Manomi ya hango gari na matso gonarsa. Ya san in ya tsaya gwamnati ta riga shi, kuɗin masara da 'yan itatuwan mangwaro zai tashi da su. Sai ya kira dillali, a kawo igiya da turaku, a yanka hamsin-hamsin, mai unguwa ya zama shaida, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. Wa zai ga laifinsa? Lissafinsa daidai ne, dokar ce ta koya masa. Amma igiya ba ta barin wurin makaranta, ba ta barin maƙabarta, ba ta san hanyar ruwa ba, kuma lungun da take bari ko motar kashe gobara ba ta shiga. Bayan shekara goma sha, an gina, an haifi 'ya'ya, sai ma'aikatan hukumar tsara birane ta KASUPDA su zo da jan fenti. Hukumar KADGIS da aka kafa zamanin Gwamna Nasiru El-Rufa'i ta yi ƙoƙarin sa filaye a kwamfuta da ba masu awon igiya takarda, kuma aiki ne da ya kamata, sai dai takarda ba ta faɗaɗa lungun da aka riga aka gine. Taƙaddamar Gbagyi Villa a 2016, inda gwamnati ta ce filin na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ne mazauna kuma suka ce gadonsu ne, misali ne na abin da ke faruwa idan iyaka tana cikin fayil shekara da shekaru ba ta bisa ƙasa.

Kogin ma yana da tasa iyakar, wadda ba ta neman sa hannun kowa. Fadamun da tsohon tsari ya bari ba gini, an bi su an gine, ambaliyar 2003 da ta 2012 suka nuna wa mazauna irin su titin Kigo inda ruwa ke ganin nasa ne. Titin Nnamdi Azikiwe kuwa, da aka yi don manyan motoci su kewaye gari ta yamma, yanzu a tsakiyar gari yake, tireloli na ratsa tsakanin 'yan makaranta da masu talla.

Akwai kuma iyakar da babu safiyon da ya auna, ita ce mafi muni. Bayan rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002, mutane suka yi ta sayar da gidaje ko musaya, Musulmi suka karkata arewa da kogi, Kirista suka karkata kudu, har wasu na yi wa sassan biyu laƙabi da Makka da Kudus. Garin da masaƙu suka haɗa Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe a layi ɗaya na gidajen haya ya koma kowa da nasa ɓangaren. A irin wannan yanayi ne maganar asalin iyaka ke zama makami. Wani ya ce ƙasar Zazzau ce tun fil azal, ga hakimai shaida. Wani ya ce ta Gbagyi ce, ga masarautar da aka ba su zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Wani ya ce Lugga ya yi ta ne ta kowa da kowa, ba mai ita.

Kowanne na riƙe da guntun gaskiya, kuma taswirar 1917 ba za ta fifita ɗaya ba, domin ba tambayar da aka yi mata ke nan ba. Abin da ya dami mai zanen shi ne ina za a ajiye bataliya, ina Bature zai kwana ba sauro, ina akawu zai zauna ya iso ofis da wuri. Wanda ya ɗauko ta don ya tabbatar wane ne ɗan gari wane ne baƙo, ya ɗauko takardar da ta ɗauki kakanninsu duka a matsayin waɗanda za a nisanta da yadi 440. Haƙƙin Gbagyi na gaske ne, amma wurin biyansa shi ne diyya ta adalci da kare ragowar ƙauyukansu da wuraren da suke girmamawa. Haƙƙin jikan leburan da ya zo daga Katsina ko Bida ko Idoma a 1920 shi ma na gaske ne, ya yi shekara ɗari yana biyan haraji a nan.

A 2021 gwamnatin jiha ta farfaɗo da tunanin 1956, ta kafa hukumar yankin babban birnin Kaduna da ta haɗo ƙananan hukumomin nan huɗu, tare da irinta a Zariya da Kafanchan. Masu suka sun ce naɗaɗɗen kantoma ne aka ɗora a kan zaɓaɓɓun shugabanni, ya kwashe musu aiki. Sukar tana da ƙarfi. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi zaɓaɓɓun majalisu a ƙananan hukumomi 774 da ya lissafa da sunansu, kuma hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗaɗensu ya ƙara musu ƙarfin gwiwa. Amma sukar ta tsaya ne kan wanda zai riƙe hukumar. Ba ta amsa yadda za a yi da magudanar da ta taso daga Igabi ta ratsa Kaduna ta Kudu ta faɗa kogi ba, ko motar hayar da ke ɗaukar ma'aikaci daga Sabon Tasha zuwa Kawo ta ratsa ƙananan hukumomi uku. Ana iya samun majalisar haɗin gwiwa wadda zaɓaɓɓun shugabannin huɗu ke zaune a cikinta, mai kasafinta da injiniyoyinta, wadda shara da magudana da sufuri da awon fili kaɗai ne aikinta. Wannan ba ya buƙatar taɓa tsarin mulki, dokar majalisar jiha ta isa, muddin an yi ta yadda gwamna mai zuwa ba zai share ta da safiya ɗaya ba.

Kafin nan akwai aikin da bai kai wannan tsada ba. Ofishin adana tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon da Gidan Arewa da ke titin Rabah suna ajiye da takardun zamanin bariki da na gwamnatin Arewa. A ɗauki hotunan taswirorin, a sa su a intanet, a ɗora su a kan taswirar KADGIS ta yau, a buga da Hausa da Gbagyi da Turanci. Mai unguwa da dillali da malamin makaranta su ga inda bariki ya tsaya, inda yankin 1956 ya kai, da inda gwamna ya ayyana birni a yanzu. Yawancin masu sayen fili a bayan gari ba su san a wane gefen wannan layi na ƙarshe suke ba sai ranar da rusau ya zo.

Sai kuma a gyara lissafin da ke tura manomi ga igiya. In gwamnati za ta yi awo a gonar mutum, ta bar masa kaso na fulotan a matsayin nasa, da takarda, maimakon kuɗin shuka. Manomin da ya san zai fita da fuloti masu hanya da daraja shi zai je neman safiyo da ƙafarsa. Wurin gwada wannan yana nan a buɗe: filayen gabas da kogi, wajen Millennium City da gefen hanyar kewaye ta gabas da aka fi shekara ashirin ana fama da ita. Dillalai sun riga sun isa can. Hanyoyi da makarantu da hanyar ruwan da ba a ware ba a 'yan shekarun nan, nan gaba sai an rushe gidajen mutane kafin a same su, kuma diyyar gini ta ninka ta gona sau da yawa.